Tozon Kwanon Inna Kulu

Tun da na dawo daga Augie ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta ga hotona a cikin kwalekwale da baƙin gilashi sai ta tare ni, Balki ba mu labari, ya garin yake, kin ci kifin Argungu? Na ci. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina kauce wa inda labarin yake, don haka zan rubuta shi sau ɗaya. Wadda ta karanta kada ta sake tare ni a gidan biki. Kuma ku sani tun yanzu, ban fito da kyau a cikinsa ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, shekarata uku ina aiki a shagon hatsi na Madam Bose a Nasarawa. Bayarabiya ce, amma a Birnin Kebbi ta haifi 'ya'yanta duka, in tana faɗa daga cikin shago sai ka rantse 'yar Gwandu ce. Mu biyu ne a ƙarƙashinta, ni da Nasiru. Rana ɗaya ta ɗauke mu, sakandare ɗaya muka gama. Ni ke buɗe shago, ni ke awo, ni ke shan mitar masu saye. Amma abin da ake ba Nasiru a wata biyu, sai na yi wata uku kafin in gan shi. Kun san ba na iya haɗiye magana, sai na tari Madam.

"Mama, mi Nasiru ka yi wanda ni ba ni yi?"

"Shi magidanci na, Balki. Ke ana ciyar da ke gida."

"Wa ka ciyar da ni? Kin san tun rasuwar Baba ni ka riƙe da innata."

"To shi ka zuwa gona."

Gonar da take nufi wata fadama ce a gaban Augie, wani Malam Garba ke noma mata shinkafar rani. Duk girbi Nasiru ke zuwa ya yi mako guda, ya sallami ma'aikata, ya ɗoro buhuna a mota. Bana saura kwana goma a fara yanka ya faɗi a babur ya karya ƙafa. Allah ya yafe mini, na je duba shi bakina yana sannu, zuciyata tana murna. Washegari na ce wa Madam ni za ni.

Ta ce, "Ki tahi. Bara buhu sittin ya kawo. In kinka kawo abin da ya hi haka, ko kinka rage mini kashewa, sai in daidaita ku. In ba ki iya ba, kar in ƙara jin zancen ga."

Na ce na yarda.

Motar Argungu ta cika tun hantsi, mu huɗu a baya, zafi kamar an rufe mu cikin tanda. Wani tsoho a gaba ya ɗora jarkar nono a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta yi tsartuwa ta baya, kuma ni take samu. Kafin mu yi rabin hanya hijabina yana tsami. A gefena akwai wata Malama Rabi, tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Argungu. Hira ta kai mu ga albashi, don ni duk hirar da aka fara can nake kai ta. Ta ce aji biyu take riƙewa, amma malamin da ke riƙe da aji ɗaya ya fi ta ɗauka.

"Ba ki tambaya ba?"

"Na tambaya. Mai makaranta ya ce in bai ƙara wa maza ba, tahiya su kai. Mu mata ba mu zuwa ko'ina."

Nan na buɗe baki. Na yi wa motar nan wa'azi tun daga wurin har shigar gari. Na ce zalunci ne, na ce aiki ba ya da gemu, na ce laifin mata ne da suke yin shiru. Direba ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Hajiya, in kinka zama gwamna ki tuna da masu mota." Aka yi dariya. Ni kuwa na sauka ina jin kaina wata babba.

A Argungu na ci kifin da kuke tambaya. Wajen wata mata ce kusa da tasha, mai banda, idanunta jajur saboda hayaƙi. Tarwaɗa ce, ta barbaɗa mata yaji, kuma gaskiya ban taɓa cin irinta a unguwarmu Badariya ba. Ta ce masu su kan fita da asuba, kafin rana ta yi zafi sun sayar sun karɓi kuɗinsu. Ita ke fawa, ta wanke, ta nemi itace, ta kwana biyu a bakin wuta, kuma abin da ke rage mata bai kai nasu ba. Na ce mata ta ƙara kuɗin kifinta mana, wahalarta ai ba ta banza ba ce.

Ta ce, "To ki hwara biya."

Na yi dariya, na biya tsohon kuɗi. A lokacin ban ga komai a ciki ba.

Daga nan wata motar zuwa Augie, garin da warin albasa ke tarbarka kafin ka ga gidaje. Sai babur, sai bakin ruwa, inda Malam Garba ke jirana da kwalekwale. A nan na ɗauki hoton nan. Abin da hoton bai nuna ba shi ne saukata. Na sa takalmi mai tsini don a san daga Birni aka zo, ƙafata ta farko ta nutse cikin laka har ƙwauri, na ciro ƙafar, takalmin ya zauna. Haka na shiga ƙauyen, ƙafa ɗaya da takalmi, hijabi yana tsamin nono.

Gidan Inna Kulu aka sauke ni. Yayar Malam Garba ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ce babbar matan da ke sheƙar shinkafa a wannan fadamar. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta yi dariya ba, ta cire silifas ɗinta ta tura mini. Ta jiƙa hijabina da kanta. Gadonta mai gidan sauro ta ba ni, ita ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Na ce a'a, ta ce, "Sauronmu ya san mu, ke baƙuwa ta, sai shi cinye ki."

Kwana shida na ci tuwon jar shinkafa da miyar sure da busasshen kifi, da safe ɗumame. Abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi, alhali a gidanmu baƙo ya kwana uku an fara yi masa zancen tsadar gawayi. Na biyu, a can shinkafa ce kuɗin mata. Mu a Birni waya muke dannawa, su kwano suke ɗauka. Mai talla ya zo da gishiri da daddawa da sabulu, mace ta shiga ɗaki ta ɗebo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a yi musaya. Na ga Inna Kulu ta sayi man gyaɗan da aka yi mini miya da rabin kwano. Na gani da idona, kada wata ta ce don ban sani ba ne.

Ga yadda aikin yake. Maza su yanka da lauje, su buga a jikin duro a kan tamfol, kafin la'asar sun tashi, kuma kullum a hannu ake ba su kuɗinsu. Mata goma sha biyu su karɓa daga nan. Su ɗaga ƙwarya sama su zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi, su sake, su sake, sannan su cika buhu. In iska ta tsaya su tsaya su jira ta a cikin rana. Ƙaiƙayin nan na shiga ido da wuya da cikin zane, ni da ke gefe ma sai da jikina ya yi rauni don susa. Su ba a ba su kuɗi. Ranar ƙarshe ake sallamarsu da shanshera, kwano ɗaya a kan kowane buhu, su raba.

Da maza na fara. Rana ta biyu na tara su na ce kuɗin yini ya yi yawa, za a rage. Ba wanda ya yi mini gardama. Suka ajiye lauje, suka koma gindin wata bishiya suka miƙe ƙafa. Babbansu ya ce, "Ba komi, Hajiya. Gonar Alhaji na can ƙetare tana jiranmu." Malam Garba ya matso ya ce mini a hankali shinkafar ta bushe, in ta ƙara kwana biyu a tsaye zubewa za ta yi, ga tsuntsu. Ko minti goma ban yi ba na janye. Har goro da ruwan leda na saya musu don su huce.

Sai ranar ƙarshe. Aka ɗinke buhuna, na zagaya su sau biyu. Sittin cif, daidai da na Nasiru. Ban rage kashewa ba, na ma ƙara da kuɗin goro. Abin da ya rage a kan tamfol tsibi ɗaya ne, wanda za a sallami mata da shi.

Suka zauna a zagaye, kowace da buhunta ko tsohon zane. Inna Kulu ta durƙusa ta yi bisimilla ta nutsa kwano. Da ta ɗago sai na ga ta kare bakinsa da hannun hagu, ta yi ta tulawa har shinkafar ta hau ta yi tozo, ta cika tafin hannun ma. A shagonmu kwano iyakar bakinsa ne. Wannan ya kusa kwano da rabi. Na dubi tozon, na dubi tsibin, kaina ya yi abin da ya iya. In aka shafe tozon nan sau sittin, buhu zai fita.

"Inna, tsaya. Kwano anka ce, ba kwano da rabi ba."

"Kwanon sheƙa ke nan, ɗiyata. Haka munka iske shi."

"Ni kwano guda na sani."

Wata mai goyo, Hansi, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Maza dai kin ba su nasu cikakke. Har da goro."

Na ce, "Su magidanta na. Ku ai ana ciyar da ku."

Na ji maganar tana fita. Na san daga bakin wa na ɗauko ta, har muryar na gane. Kuma matar da ke durƙushe a gabana ba ta da mai ciyar da ita, ita ke ciyar da ni kwana shida. Ina so in ce muku a nan na tsaya. Ban tsaya ba. Na dubi Malam Garba, ya kau da kai yana gyaran igiya.

Inna Kulu ta zubar da abin da ta ɗebo, ta miƙo mini kwanon da hannu biyu.

"To auna da kanki. Hannuna bai iya wanga awo ba."

Na karɓa. Na tsinci wani kara a ƙasa, na cika kwano, na bi bakinsa da karan, tozon ya zube ya koma tsibi. Na juye. Na sake. Ina yi ina jiran su tashi su koma gindin bishiya kamar maza, in samu dalilin fasawa. To su tashi su bar me? Aikin ya riga ya ƙare, buhunan suna ɗinke. Jaririn Hansi yana ta tari. Sau sittin na bi bakin kwanon nan da kara. Wadda za ta ce kuskure ne ta tuna da wannan, sau sittin.

Abin da ya rage ya kusa cika buhu. Na sa aka ɗinke.

Da yamma Inna Kulu ta kawo mini tuwo kamar kullum, har da kan kifi a sama. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Ci, gobe kina da tahiya." Na ci. Da safe ta raka ni bakin ruwa, ta ba ni wani ƙulli ta ce in kai wa innata. Na cire silifas ɗinta zan mayar, ta ce in tafi da su, laka ba ta ƙare ba.

A gaban motar kaya na dawo, ni da direba, Malam Sani, wanda ya saba ɗaukar wa Madam kaya daga can. Da yake iyaka ba nisa, an tsayar da mu a shinge, jami'i ya tsokani buhu ya murza a hannu ya ce ta gida ce, mu wuce. Malam Sani ya yi ta hira. A Argungu ya ce ko in sauka in sayi kifi, na ce a'a, ba na son matar nan ta gan ni.

Madam ta zagaya buhuna ta ce, "Sittin da ɗaya." Ta rungume ni. Ta tambayi yadda na yi, na gaya mata. Ta tafa hannu ta ce, "Shekara nawa ana cutata ban sani ba. Daga yau awo ke nan." Ta ce daga wannan watan ni da Nasiru ɗaya muke. Abin da na shekara uku ina nema ke nan. Na ce na gode.

A gida innata ta kwance ƙullin. Shinkafa ce gumi, an cashe, an tsince tas. Ta juye a kwanonmu ya cika ya yi tozo har yana zuba a faifai. Ta ce, "Wagga mata ta san awo. Kin dai yi mata godiya ko?" Na shiga ɗaki.

Da Nasiru ya dawo shago da sanda, ya jira Madam ta fita sannan ya ce, "Balki, da gaske kin shahe musu?"

"Sai mi?"

"Ba komi. Ni shekara uku ina gani, ban taɓa tambaya ko yana isarsu ba. Amma ban taɓa shi ba."

Wannan ne mutumin da na shekara uku ina kira malalaci.

Ƙarshen wata na karɓi sabon albashi. Na sayi buhun shanshera a shagonmu, na ba Malam Sani na ce ya kai wa Inna Kulu, ya ce kyauta ce daga gare ni ga matan. Na ji sanyi a raina na kwana biyu. Rana ta uku sai ga motarsa a ƙofar gidanmu, ya sauke buhun ko ɗinkin ba a taɓa ba.

"Ta ce a gaishe ki da innarki. Ta ce su ba kyauta sunka rasa ba, awo sunka rasa. Kuma Malam Garba ya hwaɗa musu baɗi ma haka za a yi."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce girman kai ne. Buhun nan ya yi mako uku a zaurenmu, kowa ya shigo sai ya kewaye shi. Innata ta ji labarin daga bakin Malam Sani, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina dafa shinkafar ƙullin, ta rufe ta ta ajiye a kan kabad inda nake ganinta kullum.

Wata Litinin na sami Madam kafin masu saye su zo.

"Mama, a mayar da tozo."

"Ke kinka cire shi."

"Na sani. A mayar."

Ta ajiye wayarta. "Ba ni iya biyan tozo in biya ki. Zaɓi guda."

"Don mi ba a rage na maza?"

"Kin gwada, kin gani."

"Ko ribarki?"

Ta yi kamar ba ta ji ba.

Kun san ni da saurin baki. Ranar na tsaya a gaban matar nan har wata ta shigo ta sayi gero ta fita ban zaɓa ba. Ina tunanin maganin innata, ina tunanin fuskar Nasiru. Da ta sake cewa in zaɓa da kyar na ce a mayar musu. Ta ɗaga kafaɗa ta ce shi ke nan, wata mai zuwa na koma inda nake.

To na koma. Har yanzu sai na yi wata uku nake ganin abin da Nasiru ke gani a biyu, har yanzu ina ganin zalunci ne, kuma Madam ba ta gama ji daga gare ni ba. Sai dai na daina wa'azi a mota. Malama Rabi ta ce mata ba sa zuwa ko'ina, na yi ta yi mata faɗa, da aka ba ni kwano a hannu kuwa waɗanda ba sa zuwa ko'ina na nema.

Na sake kiran Malam Sani na ɗora masa buhun. Na ce wannan karon kada ya ce kyauta. Ya ce tozonsu ne na buhu sittin da na shafe, ya ce an mayar da awo, ya ce Balki tana neman gafara. Wannan ta ƙarshen sai da ya sa na maimaita, wai bai ji ba, ƙarar inji.

Bayan kwana huɗu ya tsaya a ƙofar shago ya miƙo mini wani ƙulli ta taga.

"Ta karɓa. Ta tara matan, ta auna tozo sittin gabana, sunka raba. Wanga shi ar rara, kwano uku, ta ce naki na, ba nasu ba."

Na karɓa, ya yi mini nauyi fiye da kwano uku. Ya tada mota, sannan ya leƙo.

"Ta ce in hwaɗa miki da hannunta ta auna."